Shekarar da Na Tsaya a Kan Gwajin Jini

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙon Ya tsare alƙalamina daga ɗora wa wani abin da bai yi ba. Usman, Bilkisu, da ku jikokina da kuka fara wayo, na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangi: wai ni na raba auren Yayarku da Nura saboda ba na ƙaunar Gwaggonku Indo. An faɗa a gidan suna, an faɗa a gidan biki, ni kuwa ban taɓa tanka wa kowa ba. Yanzu idona ya fara rauni, mahaifinku ya riga mu gidan gaskiya, kuma Yayarku ta ba ni izini in faɗi abin da muka daɗe muna rufewa. To ga yadda aka yi.

Sai kun fara sanin irin gidan da na fito kafin ku gane nauyin abin. Ni 'yar ƙauye ce daga ƙasar Katsina, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. In an yabe shi ta kau da kai, in an zo maganar aurensa ta shige ɗaki. Da wannan tarbiyya aka kawo ni Kaduna, gidan Malam mahaifinku a Abakpa, inda yake sana'ar kafinta a ƙofar gida. Har yau ɗin nan bakina bai iya furta sunan Yayarku ba, don haka Yayarku zan ci gaba da ce mata. In kun ga sunan a rubuce, to a bakin wani na ɗauko shi.

Gwaggonku Indo kuwa, duk abin da zan faɗa a gaba, kada ya mantar da ku wannan. Ita ta raini Malam bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kawo shi Kaduna ta sa shi koyon sana'a. Lokacin da na iso garin nan ko titi ban iya tsallakawa ba, ita ta riƙe hannuna ta kai ni kasuwa ta nuna mini inda ake sayen komai. Ita ta yi mini wankan jego a duk haihuwata. Da aka yaye Yayarku, gidanta na Unguwar Dosa aka kai ta, ta zauna can har ta shiga firamare, ɗanta Nura, wanda ya girme ta da 'yan shekaru, shi ke goya ta zuwa makarantar allo. Ni Yaya nake ce mata, kuma har cikin zuciyata yaya na ɗauke ta.

Bayan Yayarku na haifi Mustapha, wanda yawancinku ba ku sani ba sai a hoto. Tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa suke kumbura, ya yi ta tsala kuka ba a san inda ke masa ciwo ba. Aka ce sanyi ne, aka ce shawara ce saboda idonsa ya yi rawaya, aka ce iska. Babu jiƙon da bai sha ba. Sai daga baya a asibiti aka ce sikila ce, amosanin jini, kuma gadonta ake yi. Ni ina ɗauke da rabi, Malam yana ɗauke da rabi, mu lafiyarmu ƙalau, amma in rabin uwa ya haɗu da rabin uba a jikin ɗa, ciwo ya tabbata. Aka gwada gidan gaba ɗaya. Yayarku AS, wato mai ɗauke da rabi kamar ni da Malam. Usman ya kuɓuta. Ke Bilkisu, kina goye a lokacin, aka ce irin na Mustapha ne. In ciwon ya tashi wa Mustapha, Nura ne ke ɗaukarmu a mashin zuwa asibiti, ni a baya, yaron a tsakiyarmu yana cizon rigar Nura don azaba. Ranar da yaron bai dawo gida ba ma, Nura ne ya kai mu. Mustapha bai gama firamare ba Allah Ya karɓi abinSa.

Shekaru suka wuce. Yayarku ta yi karatu ta zama malamar Turanci a wata firamare nan kusa da mu, Nura kuma ya ƙware a aikin wutar lantarki yana samun rufin asiri. Ba wanda ya haɗa su, su suka haɗa kansu, kuma duk wanda ya gan su tare ya san son gaskiya ne. Da Nura ya fito da maganar, Gwaggonku ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Aka kawo kayan gaisuwa, goro da alewa da sauransu, Malam ya yi ta murmushi kamar an ba shi kujerar Makka. Ni kuma na shige ɗaki kamar yadda aka koya mini. Amma tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Na san jinin 'yata. Na san Nura ɗan yayar Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A wancan lokacin kuwa ba kamar yanzu ba ne da liman zai tambayi sakamakon gwaji kafin ya ɗaura aure. In ka ɗauko maganar, kamar ka zagi dangin ne. Duk ranar da na ƙudura zan yi magana, sai in ce wa kaina: uwa ba ta shiga maganar 'yar fari, kunya ce. In na faɗi haka sai in ji sanyi-sanyi, har in ga kamar wani abin kirki nake yi.

Ranar wata Talata na kai Bilkisu asibiti, ranar da ake ganin masu sikila. Kafin a fara kira, sai wata likita ta fito ta tsaya a gabanmu, mu iyaye mata muna zaune a kan benci. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta 'yar kaɗan ce, don haka da Turanci take magana wata nas tana fassara mana. Ta yi bayanin shan ruwa da gidan sauro da kiyaye sanyi, duk mun saba ji. Sai ta zo kan maganar aure, ta faɗi wani abu tana nuna mu da hannu.

Nas ta ce, "Likita ta ce kada ku ji kunyar yi wa 'ya'yanku maganar gwajin jini kafin aure."

Likitar ta tsinci kalmar kunya, sai ta girgiza kai. Da gurɓatacciyar Hausarta ta ce, "A'a. Ba kunya ba." Ta sake maimaita Turancin a hankali, kalma-kalma. Nas ta yi dariya ta ce ai duk ɗaya ne, ga layi ya yi tsawo, aka wuce zuwa wata maganar.

Ni ban wuce ba. In ba kunya ba ce, to mece ce? Ban yi boko ba sai yaƙi da jahilci da na shiga da girmana, Turancina bai wuce gaisuwa ba, amma kunnena ya kama sautin. "Shayawe" na ji ta ce. Na riƙa nanata shi a zuci a cikin bas har muka sauka, kamar mai tsoron kada saƙo ya zube a hanya.

Da la'asar na tarar da Yayarku a tsakar gida tana wanki. Na ɗauko kujera 'yar tsuguno na zauna kusa da ita. Ta ɗago ta dube ni da mamaki, don tun da ta girma ban taɓa zama haka kusa da ita ba sai da dalilin aiki.

Na ce, "Ke, me ake nufi da shayawe a Turanci?"

Ta yi dariya har ta saki rigar da ke hannunta. Ta sa na maimaita, na ba ta labarin inda na ji, sai ta gane. Ta ce, "Umma, kalmomi uku ne. 'Shy away from.'" Daga baya ita ta koya mini yadda ake rubuta su, shi ya sa kuka gan su a nan.

Na ce, "Nas ta ce kunya ce, likita ta ce ba kunya ba. Wa ya yi daidai?"

Ta ce, "Ta farkon, in tana ita kaɗai, tana nufin mai jin kunya, shi ya sa nas ta ce haka. Amma in ta haɗu da sauran biyun, sai ta zama wani abu daban. Kin ga tunkiyar nan tamu in aka ja ta zuwa bakin kwata? Ta taho, ta taho, da ta ga ruwan sai ta toge ta karkace gefe, alhali taku ɗaya za ta yi ta tsallake. To shi ne. Mutum ya ga abu a gabansa, ya san ya kamata ya tunkare shi, amma saboda nauyinsa ko tsoron abin da zai biyo baya, sai ya riƙa kewaye shi."

Na ce, "Wato gudu."

Ta ce, "Ba gudu sosai ba. Wanda ya fice daga gidan da ke cin wuta ba a faɗa masa wannan, shi hankali ya yi. Wannan na wanda yake nan ne bai je ko'ina ba, ana gaisawa da shi, ana cin abinci da shi, amma in aka doso maganar sai ya sauya zance. Ɗalibaina haka suke yi wa tambaya mai wuya a jarrabawa, su tsallake ta su amsa masu sauƙi, su ce za su dawo, har lokaci ya ƙare. An fi faɗarsa ma in za a yabi mutum, a ce wane bai taɓa kauce wa aiki mai wuya ba. Kuma ba a barin sa haka a buɗe, dole a ambaci abin da ake kauce wa. Aikin kalmar ƙarshen ke nan, tana nufin daga. Daga me." Ta tsoma hannu a ruwan kumfa, ta ce, "To ita likitar, daga me ta ce kada ku kauce?"

Tun ranar da aka kawo gaisuwa nake kiran abin da nake yi kunya, ga shi 'yar da nake jin kunyar ta faɗa mini sunansa na gaskiya ba tare da ta sani ba. Kunyar da aka koya mini a gidanmu ta girmamawa ce, ba a yi ta don a bar ɗa ya faɗa rami ba. Ni tsoro nake ji. Tsoron fuskar Yaya Indo, tsoron bakin dangi, tsoron ranar da zan ga hawayen yarinyar nan.

Na ce, "Daga maganar gwajin jini kafin aure."

Hannunta ya tsaya cak a cikin ruwa. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Na sani, Umma. Tun da aka fara maganar nan nake jiran wani ya faɗa, ina kuma addu'ar kada kowa ya faɗa."

Na ce, "To na faɗa. Kuma ba zan janye ba."

Washegari da safe, bayan Malam ya karya kumallo kafin ya fita wurin katakonsa, na durƙusa na gaya masa. Malam mutum ne mai sanyin hali, bai iya hayaniya ba. Ya ajiye kofin shayi, ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, "Binta, kina tsammanin ban yi wannan tunanin ba? Ni ma na haƙa kabarin Mustapha da hannuna. Amma Yaya ce ta raine ni. Da wane baki zan je in ce mata sai an gwada ɗanta kafin in ba shi 'yata?"

Na ce, "Malam, in bakinka ba zai iya ba, ka ba ni izini in je da nawa."

Ya ce, "Ke? Uwar yarinya?"

Na ce, "Ni, uwar yarinya. Ni zan yi jinyar jikokin in sun zo."

Ya miƙe ya sa hularsa. Sai da ya kai bakin zaure sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Na ba ki izini. Amma ba ni na aike ki ba."

Na tarar da Gwaggonku a falonta na Unguwar Dosa, ta baje atamfofi tana zaɓen na lefe. Ta tarbe ni da fara'a, ta ɗaga wata shuɗiya ta ce in duba ko za ta karɓi amarya. Muka gaisa, na tambayi jiki, na tambayi gida, na sake tambayar jiki. Na ji kaina ina shirin yin abin da na saba, in sha ruwa in yi sallama in tafi. Sai na dafe gwiwata da hannu biyu, na faɗi abin da ya kawo ni a numfashi ɗaya.

Ta ninke atamfar a hankali ta ajiye. Ta ce, "Binta, jininmu ne ba ki yarda da shi ba?"

Na ce, "Yaya, har nawa jinin. Ni ma ina ɗauke da shi, na kuma ba 'yata. Ba laifin kowa ba ne. A gwada Nura kawai, in ya fito lafiya ni zan fara yin guɗa."

Ta ce, "Ciwo da lafiya na Allah ne. Mu da aka yi mana aure ba gwaji mutuwa muka yi? Kuma tun yaushe uwa take taka ƙafa ta zo maganar auren 'yar fari? Ina kunyar da kika zo da ita garin nan? Hadiza 'yata ce, ni na yaye ta, ni na san abin da ya dace da ita."

Na ce, "Ke kika yaye ta, ban musa ba. Ke kuma kika riƙe mini Mustapha ina salla a barandar asibiti. Kin ga abin da na gani."

Nan idonta ya kawo ruwa, don tana son yaron nan kamar me. Amma sai ta haɗiye, ta faɗi maganar da ta fi kowace sukata. Ta ce, "To da an gwada ku ke da ƙanena Sani, da yanzu babu Bilkisu a duniya. Je ki gaya mata haka."

Na tashi na yi mata sallama, ba ta amsa ba. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da Nura, ya dawo cin abinci, kuma daga fuskarsa na san ya ji komai.

Ba wanda ya tilasta wa yaron nan. Da ƙafarsa ya je asibiti ba da sanin mahaifiyarsa ba. Bayan 'yan kwanaki ya zo gidanmu da hantsi, lokacin da ya san Yayarku tana makaranta, ya tsuguna a bakin ƙofar kicin ina tankaɗe.

Ya ce, "Umma, na je. AS ne."

Na ajiye rariya. Wallahi har wannan lokacin ina sa ran in ji akasin haka.

Ya ce, "Amma sun yi mini bayani. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa da ciwon. Uku suna wajenmu, Umma."

Na ce, "Nura, ni ma ɗaya cikin huɗun aka ce mini. Huɗu na haifa, biyu suka ɗauka. Ba layi ake bi ba. Kai ka san nauyin Mustapha a bayanka, ka san yadda yake cizon rigarka. In ɗanka ne fa?"

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Namiji ne babba, mai gemu, yana kuka a ƙofar kicin ɗina. Ban taɓa jin na tsani bakina kamar ranar ba, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Daga nan gida ya rikice. Dangin Malam suka yi ta zuwa, wasu da lallashi wasu da faɗa. Wani ƙanen kakanku ya taso tun daga ƙauye ya ce mace ba ta warware abin da maza suka ƙulla. Aka je wurin limamin unguwa, ya ce neman sani bai saɓa wa tawakkali ba, amma hukuncin na iyali ne, shi ba zai hana ba, ba zai tilasta ba. Kowa ya dawo yana cewa liman bayansa ya goya. Malam ya rame, ya koma yini a wurin aiki har da ranar Juma'a. Ni kuwa duk wanda ya zo, magana ɗaya nake maimaita masa: ban isa in hana ɗaurin aure ba, amma ba zan ce na yarda ba, kuma ba zan yi shiru ba. Yayarku tana tsakiya, ta tafi makaranta ta dawo ta shige ɗaki.

Ke Bilkisu, ban sani ba ko kina tuna wannan. Kina 'yar shekara goma sha wani abu, kin je Unguwar Dosa kin jiyo maganar Gwaggonki a bakin yaran gidan. Kika dawo kika same ni ina shanya, kika tsaya a bayana.

Kika ce, "Umma, da kin sani, ba za ki haife ni ba ko?"

Na so in ce ki tafi ki ba ni wuri, yara ba sa irin wannan tambayar. Na juyo na dube ki. Na ce, "Da na sani tun kafin aure, ban san abin da zan yi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ke kin zo, kuma da za a ba ni 'ya'ya goma masu lafiya a ce in ba da ke, ba zan bayar ba. Ciwon nake ƙi, ba ke ba. Ke da shi ba abu ɗaya ba ne."

Kika ce, "Ni ma ba na so ɗan Yaya ya ji irin abin da nake ji." Kika ɗauki ƙarshen zanen kika taya ni shanyawa.

Da damina ta yi nisa, sanyi ya tayar miki da ciwon, irin tashin da ba mu taɓa gani ba. Aka kwantar da ke, aka ƙara miki jini. Yayarku ta ɗauki hutu a makaranta ta ce ita za ta zauna da ke, ni in riƙa kawo abinci. Ita ta riƙa danna miki ƙafafu kina ihu kina kiran sunan Allah, ita ta riƙa bin nas-nas tana roƙon a zo a duba ki. A gadon da ke kusa da naki akwai wata yarinya ƙarama mai irin ciwon, uwarta ba ta fi Yayarku shekaru ba. Ranar da aka sallame ku, muna isa gida, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce wurin Malam ta durƙusa. Ina tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Baba, a mayar musu da kayansu. Ba don Umma ta ce ba. Ni na gani."

Malam ya ce, "Kin tabbata? Kin san Gwaggonki."

Ta ce, "Na tabbata. Zan je in gaya mata da kaina."

Nan na shigo. Na ce ba za ta je ba. Matar nan ita ta yaye ta, ita take kira uwa ta biyu. In ta ji daga bakinta cewa ita ta ƙi ɗanta, abin da zai fito daga bakin Gwaggo ba abin da 'ya za ta ɗauka ta yi rayuwa da shi ba ne. Ni kuwa an riga an ɓata da ni, ƙari kaɗan ba zai kashe ni ba.

Na ce, "Malam, in ka je ka ce ni ce. Ka ce na kafe, na hana ka sakat, ka gaji. Ba ƙarya ka yi ba, na kafe ɗin."

Haka aka yi, kuma wannan shi ne abin da ba ku sani ba. Ni na tayar da maganar, ni na tsaya a kanta, ban taɓa nadama ba. Amma wadda ta yanke hukuncin ƙarshe, wadda ta cire abin da take so daga zuciyarta da hannunta, Yayarku ce. In akwai jarumi a labarin nan, ita ce da Nura, wanda ya san gaskiyar tun ranar bai kuma taɓa faɗa wa mahaifiyarsa ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Yayarku ta yi kusan shekara ba abin da ke haɗa ni da ita sai gaisuwa. Ba fushi take yi ba, in ta dube ni abin take tunawa. Ta daɗe ba ta saurari kowa ba, har mutane suka fara cewa na tsofar da ita a gida, kafin Allah Ya kawo mata miji, baban su Amira, wanda da kansa ya fara tambayar a je gwaji. Nura ya koma Kano da aikinsa, ya yi aure can, in ya zo Kaduna yakan biyo ya gaishe ni a tsaye. Malam ya ci gaba da zuwa gaida yayarsa shi kaɗai duk Salla, ya dawo ya zauna shiru, ban tambaye shi abin da aka ce ba. Gwaggonku ba ta sake taka gidanmu ba sai ranar rasuwarsa. Ta zauna makoki har aka yi addu'ar uku, ta karɓi gaisuwar kowa. Da na durƙusa a gabanta, ta dubi bango.

Yanzu tsufa ya kwantar da ita, ƙafafun ba sa ɗaukarta. Tun bara na ƙudura cewa ba zan jira a aiko mini da labarin rasuwarta ba. Duk Juma'a nakan dama kunun tsamiya in zuba a fulas, in hau Keke Napep zuwa Unguwar Dosa. In yi sallama, jikarta ta amsa. In zauna a bakin gado in gaishe ta, ta juya fuska. In zuba kunun a kofi in ajiye, in ba ta labarin unguwa, wanda ya haihu da wanda ya yi tafiya, ita ko uffan. In na zo tafiya sai in tarar da kofin babu komai, don takan sha ne in na fita alwala. Usman ya ce in daina wahalar da kaina, na ce masa ba shi ya aike ni ba.

Juma'ar da ta wuce, na ɗauki fulas ɗina na kai bakin ƙofa, sai na ji murya daga bayana, ta dushe amma ita ce.

Ta ce, "Binta."

Na tsaya. Na ce, "Na'am, Yaya."

Ta ce, "Tsamiyar ta yi yawa."

Na ce, "To, Yaya. Zan rage."

Na riga na jiƙa geron wannan satin.